Me ya sa lantarki ke sauka sannan ya hau a taitireshan ɗin asid da bes?

Ku dubi lambar da ke kan wannan mita mai auna yadda ruwa ke kai lantarki. Taitireshan muke yi, wato zuba bes kaɗan-kaɗan cikin asid har asid ɗin ya ƙare. A cikin bika (kofin gwaji) akwai asid ɗin HCl mililita 50 mai ƙarfin mola 0.01, an tsoma masa sandar awo mai farantan filatinom biyu. A biret kuma, wato bututun gilashi mai ma'auni da ake sakin ruwa da shi, bes ɗin NaOH (sodiyom haidiroksaid) ne mai mola 0.1. Rabin mililita za a riƙa saki, a juya, a jira lamba ta tsaya, sannan a rubuta.

Ga ta nan tana ta sauka. Ayon (ƙwayar sinadari mai caji) ɗin haidirojin da ke cikin asid ya fi kowane ayon saurin kai lantarki cikin ruwa: a zafin digiri 25 awonsa ya kai kusan 350, na sodiyom kuwa 50 kacal. Duk ɗigon da ya faɗa, haidiroksaid ya kama haidirojin su zama ruwa, sodiyom mai jan ƙafa ya gaje gurbin. Yawan ayon bai ragu ba, masu dakon ne aka musanya.

A mililita 5 asid ya ƙare. Daga nan haidiroksaid ba shi da abokin haɗuwa, sai ya taru, kuma shi ma ba baya ba ne, awonsa kusan 198. Lamba ta juya sama. In aka zana lambobin bisa mililitar da aka zuba, zanen zai fito kamar harafin V, amma hannun hagu ya fi gangara.

Da asetik asid ne, mai rauni, da lamba ta fara daga ƙasa, ta ɗan nutse, ta hau a hankali yayin da gishirin ke taruwa, sannan ta miƙe da ƙarfi.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ɗaukar lamba mafi ƙanƙanta a matsayin daidai inda asid ya ƙare. A'a. A ja miƙaƙƙen layi ta ɗigogin kowane hannu, mahaɗarsu ita ce amsa. Shi ya sa ake ci gaba da zubawa har mililita 10.

Kun lura NaOH ya ninka asid ƙarfi sau 10? Da gangan ne, don kada ruwan bika ya ƙaru ya tsinke, layukan su lanƙwashe. Zafi ma ɓarna yake: ƙarin digiri 1 na ɗaga awo da kusan kashi 2 cikin 100. NaOH da aka bari a buɗe kuma yana shan kabon dayoksaid daga iska, sai kusurwar ta daƙushe. In lamba ta ƙi tsayawa, a duba ko kumfa ta maƙale tsakanin farantan.