Daren da Mai Kalangu Ya Ambaci Zamfara a Ƙasar Dagwamba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau ba daga Kumasi nake muku magana ba. Na rufe shago tun jiya, na kwana a mota, ga ni a Tamale, babban birnin arewacin Gana. Ku duba bayana ku ga yadda gari ya cika. Jajibirin babbar Sallah ne, raguna ko'ina, mata kuma kowacce a kan babur ɗinta, wata da goyo, wata da buhun shinkafa a baya. A nan ba wanda yake juyowa ya kalli mace don tana tuƙa babur.

Shekarata tara a zangon Kumasi. A cikin shekarun nan duk lokacin da aka ce tarihin Gana, abin da ake nuna wa baƙo bai wuce gidajen bayi na Elmina da Kef Kos ba, sai kujerar zinariya ta Tonawa, wato Ashanti, sai tatsuniyoyin Ananse, wanda shi ne Gizonsu. Duk suna da muhimmanci. Amma arewa fa? Mu kanmu mutanen zango, da muke saye da sayarwa da Dagwamba kullum, muna sallah sahu ɗaya, har da auratayya, in ka tambaye mu waye ya kafa sarautarsu sai mu yi shiru. Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wani abokin cinikina Badagwambe ne ya ce in da gaske nake, in zo garinsu daren Sallah in ji da kunnena.

To ga mu mun bar Tamale, mun kama hanyar Savelugu. Gidan da za mu shiga na wani dattijo ne makaɗi. Na sayi goro na ƙulla a ganye, don a nan ba a zuwa wurin babba hannu rabbana. Ku lura da yadda abokina ya yi: ya cire takalmi, ya tsuguna har ƙasa, ya ce "Antire", dattijo ya amsa "Naa". Gaisuwar rana ke nan. Ni ma na tsuguna.

Wannan abin da ke rataye a bango sunansa lunga. Da ganinsa kun san kalangu ne: ƙugu siriri, baki biyu da fatar akuya, tsirkiya ta zagaye shi, a matse a hammata ya yi magana. Sai dai na manyansu ya fi namu tsawo, muryarsa kuma ta fi zurfi. Mai kaɗa shi ma lunga ake ce masa, in suna da yawa a ce lunsi. Waccan babbar gangar da ke gefe gungon ce, ita ke riƙe ƙasan kiɗa.

Baba, haka na kira shi, Hausarsa tsaf. Ya ce a wurin fatake da almajirai ya tsince ta tun yana yaro. Na tambaye shi yaushe ya fara kiɗa. Ya nuna wani jikansa da bai wuce shekara shida ba, yana zaune da ɗan ƙaramin lunga a cinya, ya ce kamar wannan. Sana'ar gado ce, ba a shigarta don sha'awa. Ko 'yarka ce ta yi aure a gidan da ba na makaɗa ba, sai an ba da ɗaya daga cikin 'ya'yanta ya dawo ya ɗauki ganga, in ba haka ba sun yi imani abin zai bi zuriyar da ciwo ko rashin kwanciyar hankali. Yaro kuma ba kiɗa kawai yake koyo ba. Sunaye yake haddacewa, kamar yadda almajiri yake haddar allo: wane ya haifi wane, wane ya hau fata bayan wane, wace ce uwarsa, mene ne kirarinsa. Na ce fata, don sarakunan arewacin Gana a kan fatu suke zama, ba a kan kujera irin ta Tonawa ba.

Ya ba ni labarin kakansu na farko, Bizung, ɗan wani sarki mai suna Naa Nyagsi. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, a cikin gida mai mata da yawa, kowacce ɗanta take zuba wa abinci. Shi in yunwa ta kama shi sai ya samu fasasshiyar ƙwarya ya riƙa bugawa yana rera baƙin cikinsa, har a tuna da shi. Da ya girma, 'yan'uwansa suka samu garuruwa suka yi sarauta, shi kuwa ya zauna da kiɗansa, aka ɗora masa riƙe sunayen gidan. Baba yana faɗa yana shafa kan jikan nan nasa. Wato asalin masu riƙe tarihin Dagbon, masarautar Dagwamba, maraya ne da aka manta da shi a wurin rabon tuwo. Wannan labari ya zauna mini a rai. Har yau babban makaɗin fadar Yendi, inda babban sarkin Dagwamba yake zama, mai sarautar Namo-Naa, daga wannan tsatso ake lissafa shi.

Sai ya tambaye ni, "Ɗana, kai daga ina?" Na ce Gusau, ƙasar Zamfara. Jama'a, ku ga fuskarsa a nan. Ya ajiye goron da yake ɓarewa, ya kira mutanen gida da Dagwambanci, suka fito suna kallona suna dariya. Ya ce ai ta garinku muka biyo.

Ga yadda suke ba da shi. Kakan sarakunansu wani maharbi ne, Tohazie, ma'ana jan maharbi. Daga gabas ya taso, ta wajen tafkin Chadi, ya ratsa Zamfara, ya dangana da ƙasar Mali. Ya isa wani gari da ƙishirwa, ya roƙi wata tsohuwa ruwa, ta ce babu, wani ɓauna ya tare musu tafki, duk wanda ya je sai ya kashe shi. Tohazie ya ɗauki baka, ya je ya kashe ɓaunan, ya yanko wutsiya ya kawo shaida. Daga baya sarki ya jera masa 'ya'yansa mata ya zaɓa, ya tsallake duk masu lafiya ya ɗauki gurguwa.

Ina jin haka tsigar jikina ta tashi. Baƙo ya iso gari, tsohuwa ta ce ba ruwa, dabba ta hana ɗiba, baƙo ya kashe ta, aka ba shi mace daga gidan sarauta, daga nan sarakuna suka fito. Wane Bahaushe ne bai san wannan ba? Bayajidda ne da rijiyar Kusugu a Daura. Ba ina cewa labari ɗaya ba ne, kuma ba ina cewa wani ya ara daga wani ba. Na gaya wa Baba namu, ya saurara har ƙarshe, ya tambaye ni sunan macijin, na ce Sarki, ya maimaita sau biyu kamar mai ajiye abu a aljihu.

Daga zuriyar maharbin nan aka samu Naa Gbewaa, wanda ya zauna a Pusiga kusa da Bawku. 'Ya'yansa ne suka kafa sarautun Mamprusi da Dagwamba da Nanumba, sarakunan Mosi na Burkina Faso kuma ta wajen 'ya mace suka fito, Yennenga, shi ya sa Dagwamba suke ɗaukarsu jikoki, akwai wasa tsakaninsu irin namu na taubasai. Shi Gbewaa ba a ce ya mutu ba. Da rikicin gado ya sa ɗansa ya kashe ɗan'uwansa, labari ya iso masa, sai ƙasa ta buɗe ya nutse. Wurin yana nan a Pusiga, ana zuwa ziyara.

An kawo mana tuwo da miyar ayoyo. Duk faɗin Gana sunan abincin nan tuo zaafi, tuwon zafi ke nan na bakinmu. Ina ci ina tambayar abokina yadda aka yi kalmominmu suka cika harshensu, har da sunayen ranaku, Atani, Atalaata, Alizumma. Baba ya ce wannan sai a koma kan Naa Zanjina, wanda ya yi sarauta wajen shekarar 1700. Shi makaɗa suke yi wa kirari da cewa ya haskaka ƙasa, don a zamaninsa Musulunci ya shiga fada, malamai Wangarawa da Hausawa suka samu wurin zama, hanyoyin fatauci suka buɗe. Ayarin kakanninmu masu zuwa Gwanja sayen goro ta ƙasar nan suke bi kafin su sauka Salaga. Kuma a faɗi gaskiya, ba goro kaɗai ake ciniki a Salaga ba, har da mutane, da hannun fatakenmu a ciki.

Yanzu ƙarfe tara ta wuce, ga mu a ƙofar fada. Wannan shi ne abin da ya kawo ni, sunansa sambanlunga, kiɗan ƙofar gida. Ba kullum ake yinsa ba, sai lokutan Sallah. Ga sarki can a zaune da dattawansa cikin manyan riguna saƙi, ga matan fada a gefe, ga jama'a sun yi da'ira. Lunsi sun fi ashirin a zaune a ƙasa. Matasansu ne suka fara, suna share fage da sunayen sarakuna, kafin babban, wato Baba, ya miƙe.

Daga nan hoton zai yanke, sai dai ku ji muryata. Wani dattijo ya zo ya dafa kafaɗata cikin ladabi ya ce in kashe na'ura, na kashe. Dalili kuwa, a wurinsu ambaton sarakunan da suka shuɗe da yaƙe-yaƙensu ba hira ba ce. In ka kira sunan mamaci ka tono abin da ya yi, kamar ka tashe shi ne. Shi ya sa ba a fara irin wannan kiɗa sai an yi yanka, sarki ne yake bayar da dabba, kuma makaɗin yana shiga da tsoro. Akwai wuraren da in ya iso sai ya rage murya, akwai waɗanda yake tsallakewa gaba ɗaya.

Na san wasunku za su ce wannan ai al'adar jahiliyya ce. Ni abin da idona ya gani zan faɗa. Baba da shi muka yi Magariba da Isha'i, shi ya ja mu. Mutanen nan Musulmi ne, kuma suna ɗauke da abubuwan da suka girmi zuwan Musulunci ƙasarsu. Har yau akwai tindana a garuruwa, mai kula da ƙasa da wuraren tsafinta, wanda sarautarsa ta riga ta sarakuna, duk da cewa Naa Nyagsi ya kashe da yawansu lokacin da ya ci ƙasar ya naɗa 'ya'yansa. Bikin wuta da suke yi a watan Muharram, Bugum, in ka tambayi malami zai ce maka tunawa ne da saukar jirgin Annabi Nuhu, in ka tambayi makaɗi zai ce ɗan sarki ne ya ɓata aka fita nemansa da wutar kara aka same shi a gindin bishiya. Mutum ɗaya yana iya ba ka duka biyun. Hukunci na malamai ne. Amma wanda ya ce a share labaran nan don a tsarkake mutane, bai san abin da yake shirin ƙonawa ba.

Labarin daren na Naa Luro ne, ɗaya daga cikin sarakunan Dagwamba na dā. Abokina yana raɗa mini fassara a kunne. Gwanjawa sun kashe sarkin da ya gabace shi, shi kuwa ya hau fata ya zauna, sai matarsa ta yi masa gori, ta ce yana nan yana cin abinci bai ma san inda kabarin ɗan'uwansa yake ba. Ya tashi da damina tsaka, aka ce ya jira rani ya ƙi. Kogi ya tare shi, ya sa aka nemo maƙera suka ƙera kayan aiki aka yi gada. Baba yana tsaye, lunga a hammata, ya jefa baiti, sauran su amsa da ganguna gaba ɗaya har ka ji a ƙirjinka. Da ya iso wurin gorin matar, matan fada suka rangaɗa guɗa. In ya ambaci wani sarki, sai ka ga mutum ya taso daga cikin taro ya zo ya ajiye kuɗi, don kakansa aka kira. Wani tsoho kusa da ni hawaye yake sharewa da bakin hularsa, a kan abin da ya faru shekaru ɗaruruwa.

A nan na gane abin da ya sa suke taka-tsantsan. Abin da ke bakin makaɗi shi ne hujjar waye ɗan sarki, waye yake da hakkin neman wace fata. Ƙasar nan ta ga abin da rikicin gado yake haifarwa: rigimar gidajen sarautarsu biyu, gidan Abudu da gidan Andani, kisan Ya-Na (babban sarkinsu) Yakubu Andani na biyu a Yendi a watan Maris na 2002, da shekarun da aka yi ana jira har aka naɗa Ya-Na Abukari Mahama na biyu a Janairun 2019. Mutumin da kalma ɗaya tasa za ta iya tayar da tsohon miki dole ya san inda zai taka.

Ni kuwa tunanina gida ya tafi. Mu ma muna da masu irin wannan ilimi a fadodinmu, amma mun tattara su duka mun kira su maroƙa, yaro ɗan gidan kiɗa ya yi boko sai ya ɓoye asalinsa. A nan sarki da kansa yana kiran makaɗi kakansa. Da rana Baba ya ce in lissafa masa iyayena, na kai mutum huɗu na tsaya. Bai ce komai ba, ya dai juya ya ce wa ɗan jikan nan ya yi nasa, yaro ya rufe ido ya fara jerowa.

Na kunna na'ura yanzu, ƙarfe huɗu da rabi. Kun ji ladan can. Baba ya sauke lunga, muryarsa ta dushe ƙurmus, an miƙo masa ruwan ɗumi a ƙwarya. Kusan awa shida yana tsaye, ba takarda a hannunsa. Jikan ya yi barci tun tsakar dare a jikin gungon, ga wani yayansa ya saɓa shi a kafaɗa, ɗan lungan yana lilo a wuyansa. Bari mu je mu yi alwala, anjima akwai Idi. Jibi in Allah ya kai mu zan kama hanyar Bolgatanga zuwa Bawku, Baba ya ce in na isa Pusiga kada in shiga wurin Gbewaa sai na nemi masu kula da shi na ba su goro. Barkanku da Sallah.