Motar da Ake Kawo Maka a Akwatuna: Tarihin Caterham

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu sauraro, bari mu fara daga Ingila, shekarar 1957. A shekarar ne Colin Chapman, mai kamfanin Lotus, ya fito da wata 'yar mota mai suna Seven. Kujera biyu, fitilu biyu a tsaye kamar idon kwaɗo, ƙashinta bututun ƙarfe, an lulluɓe shi da falle-fallen alminiyom, sai injin Ford. Shi ke nan. Aƙidar Chapman ita ce a rage wa mota nauyi, gudu zai zo da kansa.

Ana sayar da ita gunduwa-gunduwa, mai saye ya haɗa da kansa. To, me ya sa? Haraji. A lokacin, gwamnatin Birtaniya na ɗora haraji mai nauyi a kan sabuwar motar da aka gama haɗawa, amma kayan haɗi ba su shiga ciki ba. Sai mutum ya sayi kayan, ya shige garejinsa da sifana, ya yi ta ɗaure noti har mota ta tsaya da ƙafafunta.

A 1973 aka kawo harajin VAT, wanda ya shafi har kayan haɗi, wannan ƙofa ta rufe. Lotus kuma hankalinsa ya koma kan motocin masu hannu da shuni, ya so ya yar da Seven. Nan Graham Nearn ya shigo, dillalin da ke sayar da ita a garin Caterham na yankin Surrey. Ya sayi haƙƙin ƙera ta, kamfaninsa mai suna Caterham ya ci gaba da yin ta.

Ku saurari abin da ya yi, don nan ne zuciyar labarin. Samfurin da ya gada shi ne na huɗu, mai faɗi, mai jikin faiba. A 1974 ya ajiye shi, ya koma na uku, siriri mai jikin alminiyom, wanda masoyan motar ke ƙauna. Wallahi wannan mataki yana burge ni. Mutum ne da ya zauna da masu saye shekara da shekaru, ya san abin da ransu ke so, bai ji kunyar komawa baya ba.

Masana'antar ta koma Dartford a 1987. Kamfanin ya sauya hannu: Tony Fernandes na Malesiya a 2011, sai VT Holdings na Japan a 2021. Siffar motar kuwa tana nan yadda Nearn ya zaɓa. Ƙarama cikin motocin kamfanin, Seven 170, nauyinta kilo 440 ne, da ɗan injin Suzuki. Har gobe a Birtaniya kana iya cewa a kawo maka Seven a akwatuna, ka haɗa da hannunka, jami'ai su duba ta, sannan a ba ka lamba ka hau titi.