Frankel, dokin da ba a taɓa tsere masa ba

Assalamu alaikum jama'ar gida. Mutanen Gumel, mutanen Maigatari, da 'yan majalisar ƙauyenmu, ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya. Kawu, barka da hantsi, na san sai rana ta ɗaga yara za su kawo maka wayar. Nan da nake tsaye tudun Warren Hill ne a garin Newmarket na ƙasar Ingila. Bari in juya kyamara ku gani. Waɗancan da ke hawowa a jere dawakin sukuwa ne ake motsa musu jini, kuma haka suke yi kowace safiya, ko da ruwa ko da ƙanƙara. Garin nan doki ne ke riƙe da shi. Har titi na musamman aka yi wa dawaki, mai mota kuma dole ya tsaya su tsallaka.

Kawu, ka aiko cewa in nemo maka labarin dokin da mutanen ƙasar nan suka fi ji da shi. To sunansa Frankel, kuma a wannan tudun ya koyi gudu.

An haife shi ranar 11 ga Fabrairu 2008. Ja ne mai duhu, da fari a goshi, da fararen ƙafafu huɗu. Mai shi Yarima Khalid bin Abdullah ne na Saudiyya, mai gidan kiwon dawaki na Juddmonte, wanda ya rasu a 2021, Allah ya jiƙansa. Sunan kuwa na wani mai horar da dawaki ne ɗan Amurka, Bobby Frankel, wanda ya daɗe yana yi wa Yarima aiki ya mutu a 2009. Yarima ya ajiye sunan sai da ya ga dukushin da ya cancanta.

Amma ni abin da ya fi kama ni shi ne asalinsa, don a nan ne muka sha bamban da mutanen nan. Ubansa Galileo, wanda ya ci babbar sukuwar Derby a 2001. Uwar Galileo goɗiya ce mai suna Urban Sea, ita ma ta ci babbar sukuwar Faransa, Arc de Triomphe, a 1993. Uwar Frankel kuma sunanta Kind, 'yar Danehill, goɗiya mai zafin gudu a gajeren zango. Wato da gangan aka haɗa: uba mai dogon numfashi, uwa mai saurin tashi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kuma duk wannan a rubuce yake. Tun 1791 suke da littafin asalin dawaki, duk dokin da asalinsa bai koma ga littafin ba, ba ya cikin jinsin dawakin sukuwarsu. Idan ka bi layin uba na kowane ɗayansu, a kan ingarma uku za ka tsaya, waɗanda aka kawo daga ƙasashen gabas fiye da shekara 290 da suka wuce. Ɗaya daga ciki, Darley Arabian, daga Halab ta Siriya aka sayo shi a 1704, kuma shi ne kakan kakannin Frankel.

Ku dubi yadda muke yi mu kuma. Ran Alhamis a kasuwar Maigatari, mutum zai zagaya doki, ya buɗe baki ya duba haƙora, ya shafa ƙafafu, a ɗan sukwane shi, a yi ciniki. Idanun dattawanmu ba wasa ba ne, wallahi suna ganin abin da wani likitan dabbobi sai ya sa na'ura. Amma ka tambayi dillali wace goɗiya ta haifi dokin nan, sai ya ce daga Nijar aka kawo shi, magana ta ƙare. Ingarma shi ke cin dawa da harawa a barga, shi ake yi wa kwalliya ran hawan sallah, goɗiya kuwa tana can bayan gari tana kiwon kanta. Wannan abu yana damuna ƙwarai. Muna da dawaki masu jure zafi da ƙishirwa da doguwar tafiya, irin da dokin Ingila ba zai kwana biyu a kai ba, amma ba mu san wa ya haifi wa ba. Kawu, goɗiyar nan taka, tun da sauran waɗanda suka san uwarta a raye, a sa yaro ya samu littafi ya rubuta: uwarta, uban da ya yi barbararta, shekarar haihuwa, da duk abin da ta haifa.

Mu koma kan Frankel. Asali kaɗai bai isa ba, don da ƙyar yake jin linzami yana ƙarami. Da an sake shi sai ya nemi ƙarar da ƙarfinsa tun daga farko. Wanda aka damƙa wa shi, Henry Cecil, dattijo ne da ya zama zakaran masu horar da dawaki na Ingila har sau 10, daga baya duniya ta juya masa baya. A 2005 sukuwa 12 kacal dawakinsa suka ci, manyan masu kuɗi suka janye, ga ciwon daji ya kama shi a ciki. Yarima Khalid bai janye ba, ya ci gaba da aiko masa da dawaki. Bargar da Cecil ya yi aiki a cikinta, Warren Place, tana can saman tudun nan. Dabarar da ya yi ita ce ya sa wan Frankel, Bullet Train, wanda suke uwa ɗaya, ya riƙa shiga gaba, shi kuma ƙanen a tilasta masa bin baya har ya koyi haƙuri. Ba bulala, ba tsawa, maimaitawa ce kawai safiya bayan safiya.

Ya fara fita fili a Agusta 2010 a nan Newmarket, ana ruwan sama, ya ci da rabin tsawon doki. Wanda ya zo na biyu, Nathaniel, shi ma daga baya ya zama babban zakara. Ranar da duniya ta san da shi ita ce 30 ga Afrilu 2011, a sukuwar 2000 Guineas, mita 1,600 a miƙe ba kwana. Al'adar mahaya ita ce a ɓoye ƙarfin doki sai an kusa ƙarshe. Mahayinsa Tom Queally ya sake shi tun daga ƙofa. Kafin a kai rabi ya ba su tazarar fiye da tsawon doki goma, mutane suka fara tafi tun ba a gama ba, ya shiga da tazarar tsawon doki shida. Ku nemi bidiyon a YouTube, ku nuna wa Kawu. Ni duk lokacin da na kalla sai tsigar jikina ta tashi.

Bayan nan a filin sukuwa na Ascot ya sha da ƙyar, don an zabure shi da wuri ya fara gajiya, wani doki mai suna Zoffany ya kusa cim masa. Sai Cecil ya ƙara dagewa a kan koya masa jira. A 2012, yana ɗan shekara huɗu, ya dawo wani doki daban, mai nutsuwa. A watan Yuni ya ci sukuwar Queen Anne a Ascot da tazarar tsawon doki 11, masu auna ƙarfin dawaki na Timeform suka ba shi maki 147, mafi yawa da suka taɓa ba dokin sukuwar fili. A Agusta aka ƙara masa nisa a garin York, kusan mita 2,100, masu shakka suna cewa numfashinsa ba zai kai ba, ya ci da bakwai. Ranar Cecil ya zo da sanda, ya rame, murya ba ta fita sai raɗa, amma ya zo ya ga dokinsa. Sukuwar ƙarshe 20 ga Oktoba 2012 ce a Ascot, gaban Sarauniya Elizabeth. Ƙasa ta jiƙe sharkaf, ya kuma makara wajen fita daga ƙofa, duk da haka ya kamo Cirrus des Aigles na Faransa, gwanin gudu a laka, ya wuce shi. Fita 14, nasara 14, mahayi ɗaya. Cecil ya mutu a Yuni 2013.

Na san wani zai ce ai harkar nan caca ce. Gaskiya ne akwai caca jibge a kewayenta, kuma ba ruwana da ita, ba na kuma so wani yaro ya ji wannan ya je ya buɗe manhajar caca. Ni dokin nake kallo, da kiwonsa.

Kuɗin da ya ci a fili ya kusa fam miliyan 3, amma wannan ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da abin da ya biyo baya. Tun 2013 yana gidan kiwo na Banstead Manor, nan kusa da gari, aikinsa barbara. Farashin farko fam 125,000 ne a kan goɗiya ɗaya. A 2024 ya kai fam 350,000. Kuma dokarsu ba ta yarda da allurar maniyyi ba, dole a ɗauko goɗiyar a kawo ta, ko daga Japan take. Ba kowace ake karɓa ba ma, sai an duba asalinta da abin da ta yi. Ɗansa Cracksman ya ci Champion Stakes a 2017 da 2018, Adayar ya ci Derby a 2021.

Ku biyo ni mu gangara, akwai abin da nake so ku gani a gindin tudun. Wancan gidan shi ne Heath House, bargar Mark Prescott. A ciki aka horar da 'yar Frankel, wata farar goɗiya mai suna Alpinista. Mai ita, Kirsten Rausing, ita ta kiwata uwarta, ita ta kiwata kakarta Albanova. A 2004 kakar ta ci manyan sukuwa uku a Jamus. A 2021 jikar ta je ta ci waɗannan ukun dai. Sannan a 2022, tana da shekara biyar, ta ci Arc de Triomphe a Paris cikin ruwan sama, ta bar ingarmu a baya, a filin da uwar kakanta Urban Sea ta ci shekara 29 kafin nan.

Ga wani ayarin yana fitowa, bari in matsa gefe in ba su hanya. Kawu, a gaida Inna da yara. Sai bidiyo na gaba, in Allah ya kai mu, zan shiga da ku kasuwar gwanjon dawaki ta Tattersalls ku ga yadda ake cinikin dukushi.