Darasi: Me ke sa hawainiya rikiɗa?

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da warhaka daga nan Agege, Legas. Ku matso ku ga baƙuwarmu ta yau. Yaran layinmu ne suka gan ta a reshen mangwaro bayan masallaci, har sun ɗebo duwatsu, na ce a'a, ku kawo ta mu yi karatu da ita.

To, tun muna yara ake ce mana duk abin da hawainiya ta hau, launinsa take ɗauka. Ba haka ba ne. Ga ta a kan farar hulata, ta zama fara? Tana nan koriyarta. Abin da ke juya ta shi ne zafi da sanyi, da kuma halin da take ciki. Da sanyin safiya takan yi duhu don ta sha rana sosai. In ta tsorata ma haka. Namiji kuwa in ya hango abokin gaba, ko yana neman mace, sai ya fito da launi mai ɗaukar ido.

Yaya take yi? A 2015 masana a Jami'ar Geneva suka nuna cewa a cikin fatarta akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli, jere reras. In ta saki jiki suna matse da juna, ka ga kore. In ranta ya tashi sai su buɗe, hasken da suke mayarwa ya koma rawaya ko ja. Ikon Allah ke nan, wallahi ni abin ba ya daina ba ni mamaki.

Yanzu dubi idonta. Wannan yana kallona, wancan yana kallon bayanta. Da ta ga fara sai ta haɗa su wuri guda, ta auna nisa, ta harba harshe. Harshen nan ya fi jikinta tsawo, a wasu har ya kusa ninki biyu. Yatsun kuma a haɗe suke, biyu nan uku can, kamar awartaki, ga wutsiya tana naɗe reshe. Tafiyar hawainiya da muke faɗa, wannan rangajin gaba da baya, kwaikwayon ganye take yi a cikin iska.

Irinsu sun haura 200, kusan rabi a tsibirin Madagaska. Maƙwabtanmu Yarbawa suna ce mata agemo.

Ba ta da dafi, ko kaɗan. Ƙwari take cinye mana. In kun same ta a gida, kada ku fizge ta daga reshe, za ku ji mata ciwo a ƙafa. Ku miƙa mata sanda a gabanta, kamar haka, ku ɗan jira. Kun ga ta hau da kanta. Zo nan ɗana, riƙe a hankali, mu mayar da ita kan mangwaronta.