Shekara Huɗu a Ɗaki Ɗaya: Shin Ana Iya Auna Iya Zama da Mutane?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo.

Ku biyo ni mu leƙa wani ɗaki a gidan kwanan ɗalibai na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, nan Kumasi a ƙasar Gana. A ce gadaje huɗu ne a ciki. Na farko na wani yaro ne daga Aboabo, wata unguwar Zango a Kumasi, Hausa a gida, Twi (harshen Asante) a titi. Na biyu ɗan Ewe ne daga Ho. Na uku Badagombe daga Tamale. Na huɗu ɗan Asante ne daga Mampong.

Wata rana ɗan Mampong ya ɗauko zanen makoki, ja da baƙi, ya ce ranar Asabar za a yi jana'izar kawunsa. Ɗan Aboabo ya yi masa ta'aziyya, ya tambaye shi yaushe aka yi rasuwar. Ya ce ai wata uku ke nan. Ɗan Aboabo ya yi shiru. A ransa cewa yake yi, wata uku gawa tana cikin sanyi a asibiti ana jiran biki? Shi kuwa ɗan Mampong bai manta ba ranar da ya ga an rasu da safe a Zango, kafin la'asar har an dawo daga maƙabarta, ya riƙa tambayar kansa ko mutanen nan ba su san darajar mamaci ba ne.

Babu wanda ya furta. Suna ci gaba da cin wake da shinkafa a kwano ɗaya, suna kallon ƙwallo tare, har su gama shekara huɗu a ba su digiri. To, sun san juna? Kuma ita jami'ar da ta tara su, tana da hanyar da za ta gane ko sun koyi wani abu daga wannan zama?

Masana ilimi sun daɗe suna kai da komo a kan wannan. Abin da suke nufi shi ne iya mu'amala da wanda al'adarku ta bambanta, mu da muka tashi a Zango sai mu ce iya zama da mutane. A shekarar 2006 wata mai bincike a Amurka, Darla Deardorff, ta nemi manyan masana fannin su daidaita a kan ma'ana ɗaya. Inda suka fi haɗuwa shi ne sharaɗi biyu: mu'amalarka ta kai ka ga abin da kake nema, kuma ta kasance ta dace a idon wanda kake mu'amala da shi. Ku riƙe na biyun nan da kyau. Ko ka biya buƙatarka, kai kake iya faɗa. Ko ka yi abin da ya dace kuwa, wancan mutumin ne kaɗai ya sani.

Shekara 20 kafin nan, a 1986, Milton Bennett ya zana abin kamar tsani mai hawa shida. Bari mu ɗora yaronmu na Aboabo a kai. A hawa na farko bai ma lura akwai wata hanyar yin jana'iza ba. A na biyu ya lura, sai ya raba duniya gida biyu, mu masu hankali, su masu almubazzaranci. A na uku ya sauko, yana cewa ai duk ɗaya muke, mutuwa ɗaya ce, hawaye ɗaya ne. A na huɗu ya yarda cewa jinkirin nan yana da ma'ana a wurinsu: dangin uwa, waɗanda suke kira abusua, su ne masu gawa, sai sun zauna, sai an jira na nesa sun iso, kuma taron shi ne girmamawa ta ƙarshe. A na biyar ya iya zuwa Mampong ya gaisa da mutane daga dama zuwa hagu yadda ake yi, ya ba da gudummawarsa, ya koma gida da addininsa yadda ya fito da shi. Na shida shi ne wanda ya zama ɗan gida a wurare biyu, har ana nemansa ya shiga tsakani.

Ina so mu ɗan tsaya a hawa na uku, domin a nan yawancinmu muke, kuma wurin yana da daɗin zama. “Duk ɗaya muke” magana ce mai kyau, ta kashe wutar rikici da yawa a ƙasar nan. Sai dai idan ka saurara da kyau, sau da yawa ma'anarta ita ce kowa kamar ni yake. Malamin jami'a da ya yi imani duk ɗaya muke, idan ɗalibar Zango ta sunkuyar da kai yana mata magana, zai ɗauka ko ba ta yi karatu ba ne, ko tana ɓoye wani abu. Bai san kunya ce da ladabi ba, haka aka tarbiyyantar da ita ta yi a gaban babba. Shi ba mugu ba ne. Ya auna ta ne da mudun gidansu, yana zaton mudun kowa ke nan.

To yaya ake awon? Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce takardar tambayoyi. Fitacciya a cikinsu ita ce IDI, wato ma'aunin ci gaban mutum wajen mu'amala da wasu al'adu, wadda Mitchell Hammer ya gina a kan tsanin Bennett: jimloli 50, ɗalibi yana nuna yadda ya yarda ko bai yarda da kowace ba. Abin da ya fi burge ni game da ita shi ne sakamako biyu take bayarwa, inda kake zaton kake, da inda amsoshinka suka ajiye ka. Mafi yawan mutane suna ɗora kansu sama da inda suke. Ba mamaki, laifi tudu ne. Ka raba wa ɗalibai ɗari takarda ka tambaye su ko suna girmama al'adar wasu, da wuya ka sami biyar da za su ce a'a.

Shi ya sa masanan da Deardorff ta tuntuɓa suka fi karkata ga a haɗa hanyoyi da yawa, kamar hira da ɗalibi, da lura da shi a cikin mu'amala, da ba shi matsala ta gaske ya warware. A sa shi ya riƙa rubuta abin da ya ba shi mamaki ko haushi a kowane mako, a kwatanta rubutunsa na shekarar farko da na shekarar ƙarshe. Sannan, wanda ni nake ganin ya fi duka, a tambayi mutanen da ya yi aiki a cikinsu.

Akwai kuma wata matsala da ta shafe mu kai tsaye. Waɗannan ma'aunai galibi an ƙera su ne ana tunanin ɗalibin Amurka da zai hau jirgi ya je Faransa ko Sin ya dawo. Mu kuwa ba ma buƙatar jirgi. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen Gana sun kai miliyan 30.8, kusan kashi 46 cikin ɗari 'yan Akan ne, kashi 71 Kirista, kusan kashi 20 Musulmi. Trotro ɗaya, wato motar haya, daga unguwar Asawase zuwa kasuwar Kejetia ya ishe ka ka ji harshe biyar. Yarinyar da ke taya mahaifiyarta sayar da koko da ƙosai, tana ciniki da Hausa da Twi da Dagbani da Turanci, ta san abubuwan da wata takarda ba za ta tambaye ta ba. Idan jami'o'inmu za su yi awo, su rubuta tambayoyin da ƙasar nan ta haifa: me za ka yi idan mai gida ya ba ka ruwa ya nemi jin amanee, wato abin da ke tafe da kai, alhali ya riga ya sani? Me ya sa ba ka yi wa sarki magana kai tsaye sai ta bakin okyeame, wato mai magana da yawunsa?

Amma kada mu 'yan Zango mu ji wannan mu miƙe ƙafa. Kakanninmu fatake ne, goro ya kawo su ta Salaga har suka yada zango a nan, kuma gaskiya ne mun gaji iya ciniki da kowa. Jin harshen mutum daban, jin zuciyarsa daban. Akwai wanda Twi ɗinsa ya fi na ɗan Bantama, tsohuwar unguwar Asante a Kumasi, zaƙi, amma ka tambaye shi dalilin da a al'adar Asante ɗan 'yar'uwa yake gadon kawunsa, sai ya taɓe baki ya ce abin nasu ne. Shekara talatin yana maƙwabtaka da su bai taɓa tambaya ba. Haka su ma akwai waɗanda duk wanda ya fito daga Zango sunansa ɗaya a wurinsu, ba sa bambanta Bahaushe da Badagombe da Bazabarme da Bamoshe.

Bincike ya tabbatar da cewa cuɗanya kaɗai ba ta wadatarwa. Tun 1954 Gordon Allport ya ce haɗa mutane yana rage ƙyamar juna ne idan suna matsayi ɗaya, suna da buri ɗaya, suna aiki tare, kuma hukuma tana goyon baya. A 2006 Thomas Pettigrew da Linda Tropp suka tattara bincike 515, suka ga cuɗanya tana taimakawa, kuma ta fi ƙarfi idan waɗancan sharuɗɗa sun cika. Wani babban bincike da Jami'ar Georgetown ta jagoranta, wanda aka buga a 2009, ya bi ɗaliban Amurka fiye da dubu, akasarinsu masu karatu a ƙasashen waje. Da yawa sun dawo kusan yadda suka tafi. Waɗanda suka fi samun ci gaba su ne masu wani babba a can da ke zaunar da su akai-akai yana tambayarsu me suka gani, kuma me ya sa suke ganin haka ne.

Wannan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Hukumar UNESCO ta fitar da wata hanya da ake kira da'irar labari: mutum huɗu zuwa shida daga wurare daban-daban su zauna, kowa ya ba da labarin wani abu da ya same shi, sauran su saurara ba katsewa, sannan su maimaita masa abin da suka ji. Ana iya farawa da labarin suna. Ranar da Kofi ya gano cewa Ɗanjuma ma ɗan Juma'a ne, kuma Asabe da Ama rana ɗaya suka zo duniya, hirar ba za ta tsaya a nan ba. Malamai kuma, idan za su raba aikin rukuni, su daina barin kowa ya ruga wurin 'yan garinsu.

Na san akwai iyayen da ke kallon wannan bidiyo da fargaba, kada a ce ana koya wa yaro zama da mutane a raba shi da addininsa. Fargabar tana da tushe, ba zan raina ta ba. Amma ku tuna Suratul Hujurat, aya ta 13, inda Allah ya ce ya sanya mu al'ummomi da ƙabilu domin mu san juna. Ku tuna kuma Afrilun 2019, lokacin da Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara 100, ya ziyarci cocin Christ the King a Akra ranar Ista. Ya shiga da rawaninsa, ya fito da rawaninsa, kuma babu wanda ya yi shakkar ko shi wane ne.

Bayan digiri, hidimar ƙasa ta shekara ɗaya tana jiran yaran nan huɗu, kuma ba lalle a tura kowa garinsu ba. Ɗan Mampong zai iya samun kansa yana koyarwa a wani ƙauye kusa da Yendi a tsakiyar azumi, yara suna gyangyaɗi a aji bayan azahar. Ɗan Aboabo kuma, idan fannin lafiya ya karanta, wataƙila a wani asibiti a ƙasar Asante, inda zai tarar da tsohuwa a kwance, a gefenta mijinta da ƙanenta, takardar izinin tiyata a hannunsa, kowa yana kallonsa ya ga wa zai fara yi wa magana. Idan ya taɓa zama ya tambayi abokin ɗakinsa labarin jana'izar nan ta wata uku, zai gaishe su daga dama, ya ce “Maame, me pa wo kyɛw,” wato “Mama, don Allah,” ya fara da ita mai jikin, sannan ya tambaye ta wa take so ya zauna a ji bayanin tare da shi.