Nuna Bishiyar Sang, Zagi Bishiyar Huai: Habaici a Bakin Sinawa

A yau za mu duba wani karin magana na Sinanci mai haruffa huɗu a rubutun Sinawa, inda kowane harafi kalma ce, wato "zhi sang ma huai". Zhi na nufin nunawa da yatsa, ma kuwa zagi ne, sauran biyun kuma sunayen itatuwa ne. Sang ita ce bishiyar da ake ciyar da tsutsar siliki da ganyenta, huai kuma bishiya ce mai yalwar inuwa wadda ta cika tsofaffin lungunan birnin Beijing. Idan aka haɗa su, ma'anar ita ce mutum ya nuna bishiyar sang alhali bishiyar huai yake zagi. Irin waɗannan zantuka masu haruffa huɗu Sinawa suna kiransu chengyu.

A ce suruka ce take jin haushin matar ɗanta saboda ba ta tashi da wuri. Ba za ta kira sunanta ba, sai ta fita tsakar gida ta fuskanci kyanwa, ta ɗaga murya tana cewa ga malalaciya wadda ba ta san komai ba sai ci da barci. Kyanwa ita ce sang, matar ɗan ita ce huai, kuma duk wanda yake gidan ya san inda maganar ta nufa. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage, domin abin da muke kira habaici ko gugar zana ke nan. Sinawa ma suna da wani zance mai ma'ana ɗaya, "zhi ji ma gou", wato nuna kaza a zagi kare.

A nan ne masu koyon Sinanci suke yawan yin kuskure, kuma kuskuren yana da nauyi. Wasu sun ɗauka cewa tunda maganar ba ta fito fili ba, to ladabi ce. A ganina wannan fahimta ba daidai ba ce, domin mai yin haka yana cutar da mutum ne tare da toshe masa hanyar kare kansa. In ya yi shiru ya haɗiye zagin, in kuma ya tanka sai a ce ai ba da shi ake ba, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Saboda haka idan Basine ya ce wa wani kada ya yi "zhi sang ma huai", tuhuma ce yake yi, yana neman a faɗi abin da ke rai gaba da gaba. Wanda yake kewaye-kewaye kawai saboda kunya ko nauyin baki, ba tare da nufin zagi ba, akwai zancen da ya dace da shi, wato "guai wan mo jiao", bin kwana-kwana da kusurwoyi. Kishiyarsa kuma ita ce "kai men jian shan", buɗe ƙofa ka ga dutse, wato shiga magana kai tsaye.

Karin maganar "zhi sang ma huai" yana da wata fuska a fannin yaƙi da mulki. Shi ne na 26 a cikin tsohon littafin nan na Sin mai suna Dabaru Talatin da Shida, inda ake nufin babba ya ladabtar da ƙarami ta hanyar gargaɗi maimakon faɗa kai tsaye. Shugaban runduna yana iya hukunta mutum guda a bainar jama'a domin wanda ba ya son taɓawa, saboda matsayinsa ko amfaninsa, ya gani ya shiga taitayinsa. Wannan ma'ana ta fi kusa da hannunka mai sanda, sai dai a hirar yau da kullum ma'anar habaici ce mai sauraro zai fara ɗauka, don haka kada a yi amfani da shi wajen yabon wanda ya iya lallashi.