Daga jigilar alhazai zuwa jirgin Abuja: tarihin Max Air

Bello: Assalamu alaikum masu sauraro, daga birnin Shehu muke. Yau tarihin Max Air za mu taɓa. Hajiya Asma'u, an ce da jirginsu kika sauke farali?

Asma'u: Da shi kuwa, Malam Bello. Cikin dare aka kwaso mu daga sansanin alhazai zuwa filin jirgi na Sultan Abubakar na Uku. Ina hango shi na tsaya cak, Boeing 747 mai bene. Wata tsohuwa 'yar Gwadabawa ta riƙe mini hannu gam, jakar guzurinta rataye a wuya, tana ta salati har muka zauna.

Bello: Allah Sarki! To ai da irin wanga jirgi kamfanin ya tashi. Alhaji Ɗahiru Mangal, ɗan kasuwar nan na Katsina, shi ya kafa shi da sunan Mangal Airlines, a 2008 ya koma Max Air. Shekara goma hajji da umara ne abincinsa. Sai a 2018 ya shigo zirga-zirgar cikin gida da ƙananan Boeing 737.

Asma'u: Amma a ba na gaba haƙƙinsa. Marigayi Muhammadu Ɗan Kabo ne ya share hanyar da Kabo Air tun 1980. Da Nigeria Airways ta durƙushe a 2003, irinsu suka ɗauki nauyin alhazanmu.

Bello: Gaskiya ne. Kuma akwai dalilin farawa da hajji. Hukumar alhazai ta ƙasa, wato NAHCON, ita ce ke raba wa kamfanoni jihohi, fasinja na jiranka tun kafin ka tayar da inji, ba kujerar da za ta tafi wayam, kuɗin kuma da dala ake lissafa shi.

Asma'u: Na cikin gida fa?

Bello: Nan gizo ke saƙar. Tikiti da naira za ka sayar, amma kayan gyara, inshora da kai jirgi babban gyara ƙasar waje, duk dala ce. Ga tsadar mai. Ga hazon hunturu da kan hana sauka a Sakkwato wuni guda.

Asma'u: Duk da haka ni ina jin daɗin ganin ɗan Arewa ya daure a wannan kasuwa. Tafiyar da mota ke cinye wuni, ta Gusau da Funtuwa, ga fargabar hanya, jirgi cikin kamar awa ɗaya ya kai ka Abuja. Abin da ke raina yanzu, mai kai mara lafiya asibiti ya iya sayen tikitin nan ba sai ya sayar da gona ba.